Yadda zaka sayi mota a Kumasi, daga hom yus har wok an pe, ba tare da an dora maka wahala ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba, Tafo Zongo da duk inda kuke. Maganar mota nake so muyi yau domin abin yana damuna, mutum zai dade yana zubin adashi ko kuma dan uwansa dake Jamus ko Italiya ya turo masa kudin da ya sha sanyi kafin ya tara, sai rana daya ya kwashe ya mika wa wani a bakin titi saboda fenti na kyalli kuma AC na sanyi, bayan wata biyu motar tana Suame Magazin, unguwar makanikai, an dora ta kan dutse, ko kuma kwastam sun tare ta a hanya sunce ba'a biya mata diyuti ba. Yawancin wannan asarar ana iya kauce mata in an bi abin daki daki, kuma jerin yana da muhimmanci, takarda kafin inji, inji kafin ciniki, ciniki kafin kudi su bar hannunka. Ina cewa "ka" ne don saukin rubutu amma Hajiya da ke ma nake.

Na farko, zauna da kanka kafin kaje kallon mota

Me zakayi da ita? Kai yara makaranta da zuwa aiki daban, Bolt ko Yango ko tasi daban, zuwa Bawku ko Tamale duk wata da kaya a baya shima daban. Wanda zaiyi haya karamin inji yake bukata, irin su Vitz, Yaris, Kia Morning, Hyundai i10, saboda mai shine zai cinye ribarsa. Wanda unguwarsa ba kwalta, ruwan sama na yanke hanya, ya duba tsayin motar daga kasa kafin ya duba kyanta.

In ka tsayar da iri biyu ko uku, kar ka fara da gareji, wato wajen masu saida motoci, fara da Suame Magazin. Shiga wajen masu saida kayan gyara ka tambayi kudin injin motar, giyabos dinta, fitilar gaba daya, shoka, da kwamfutar inji. In kaji ana cewa sai an aiko daga Abossey Okai a Accra ko sai anyi oda daga Dubai, to ka san ranar da ta lalace zata kwana biyu a ajiye. Dalilin da yasa Corolla take tsada kenan ko ta tsufa, duk lungu akwai mai gyaranta kuma duk ranar da ka so saidawa akwai mai saye.

Sai kudi. Duk abin da ke hannunka kar ka saka shi duka a farashin mota, a ganina ka ware akalla kashi daya cikin biyar ka ajiye gefe, saboda canjin suna, inshora, rodwodi wato takardar lafiyar mota, taya, batir, mai da sabis na farko duk suna jiranka. Kuma a kula da lissafin miliyan. Tun 2007 aka cire sifili hudu daga sidi amma har yau manyanmu da dillalai da yawa da tsohon lissafi suke magana, wanda yace miliyan 800 sidi 80,000 yake nufi. Duk farashin da aka fada maka kace a rubuta da lamba a waya ko a takarda kowa ya gani.

Na biyu, wace iri zaka saya

Sabuwa fil akwai, kuma yanzu har hada wasu ake a kasar nan, Volkswagen sun fara a 2020, Toyota suka bude wajen hadawa a Tema a 2021, Nissan a 2022, ga Kantanka tamu ta gida. Mai hali ya saya, akwai garanti kuma ba tarihin da zaka tona. Amma yawancinmu tsakanin hom yus da Ghana yus muke.

Hom yus ita ce wadda aka hau a waje, Amurka, Kanada, Koriya, Jamus, ta sauka a Tema ko Takoradi ba'a taba yi mata lamba a nan ba. Mutane na jin hom yus sai hankalinsu ya kwanta, alhali da yawa daga cikin na Amurka daga gwanjon Copart ko IAA aka sayo su, wato motocin da sukayi hadari ko ruwa ya ci su kamfanin inshora ya biya mai ita ya saida gawar. Ba kowace mai hadari bace matsala, wadda aka buga a bamba ko kofa aka gyara da kyau zata yi maka shekaru, matsalar ita ce a boye maka kuma a karbi kudin lafiyayya.

Ghana yus kuma an riga an hau ta a nan, ta fi araha, amma ta sha ramukan hanyarmu da hannun makanikai daban daban. Lambar jikinta tana nuna shekarar da akayi mata rajista ne kawai, mota mai lamba -21 tana iya zama kirar 2010, kar dillali ya rude ka da wannan. Ka kuma duba ko tsohuwar tasi ce da aka mayar da ita fentin gida, leka cikin but da bakin kofofi da karkashin bonet, sau da yawa zaka ga ragowar ruwan dorawa a gefen fenda.

In kuma da kanka zakayi oda daga waje, kafin ka tura ko dala daya ka sa a lissafa maka diyuti. Tun 2020 kwastam na aiki da tsarin kwamfuta mai suna ICUMS, da lambar casis da shekarar mota ana iya fitar da kiyasi. Diyutin ya danganta da girman inji, shekaru, da darajar da kwastam suka yi wa motar ba abin da kai ka biya a gwanjo ba, ga VAT da NHIL da GETFund da sauran kananan haraji a kai, kuma da farashin dala na lokacin da zaka fitar ake bugawa. Motar da ta wuce shekara 10 akwai tara a kanta. In ta sauka baka da kudin fitarwa kullum kudin ajiya na hawa, in ta dade gwamnati na iya kwacewa tayi gwanjonta, saboda haka kudin kiliyarin su kasance a hannu tun jirgi na kan ruwa.

Na uku, takardu, kuma nan ne nafi so ku tsaya

Kowace mota tana da lambar casis, yawanci harafi da lamba guda 17. Sau da yawa zaka ganta ta kasan gilashin gaba bangaren direba, da jikin sitika a bakin kofar direba, kuma a motoci da yawa an buga ta a jikin karfen kansa, ko a bangon bayan inji ko a kasa kusa da kujerar gaba. Dauki hoton duk wuraren, ka zauna ka karanta su daya bayan daya ka gwada da abin da ke takardar kwastam da takardun DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisi. Harafi daya in ya saba, tashi ka tafi, kar ka saurari "kuskuren taipin ne za'a gyara". In wajen da aka buga lambar yana da alamar walda, ko an goge an sake fenti a nan kadai, shima tafi.

In motar Amurka ce ko Kanada, saka lambar a Google kawai, sau tari hotunan gwanjonta zasu fito kaga yadda take kafin mai gyaran bodi ya taba ta. Ka kara da biyan rahoton Carfax, kudin kadan ne in ka gwada da kudin mota, zai nuna maka hadari, ambaliya, da mil nawa ta ci a karo na karshe da aka rubuta. Kuma ka lura mil ne ko kilomita, mil 100,000 wajen kilomita 160,000 ne. Mita kam ana juya ta, kowa ya sani, don haka duba sitiyari da fedar birki da kujerar direba, in sun side amma mita na cewa 40,000 to karya ake maka.

Sai diyuti. Akwai motocin da ke shigowa ta Togo, Burkina ko Kodebuwa da izinin zama na dan lokaci, sai a cire lambar waje a nemo musu takardun bogi a saida wa bawan Allah. Ranar da kwastam suka kama, kai da ke rike da ita zaka biya diyuti da tara ko ka rasa motar, wanda ya saida maka ya dade da canza layi. Saboda haka dauki kwafin takardar kwastam da lambar casis kaje ofishin kwastam na hukumar haraji GRA da kafarka a duba maka a kwamfuta cewa an biya, kuma wannan motar aka biya wa. Kar ka aiki yaron mai motar.

Akwai kuma na sata. Hukumar EOCO mai yaki da laifukan kudi ta sha kwace manyan motoci a kasar nan wadanda aka sato daga Amurka da Kanada, kuma ba ruwansu da cewa kai da kudinka ka saya. In kaga babbar mota sabuwa sabuwa, irin su Range Rover, Lexus, Honda CR-V ko Ford F-150, ana saidawa kasa da kudin da kowa ya sani, ga mai ita yana gaggawa, kaje hedikwatar 'yan sanda a duba ta a rajistar Interpol kafin komai. Araha bata ado.

Ga Ghana yus, tambaya ta farko sunan wa ke kan takarda. Abin da ya zama ruwan dare a Zongo shine mota ta wuce hannu hudu amma har yanzu sunan mutum na farko ne a DVLA, kowa ya karbi fayil ya mika wa na gaba. In mai sunan ya rasu ko yayi tafiya, canjin suna ya zama aiki babba, wani lokaci har da magada da kotu. Ka nemi ganin mai sunan ido da ido da Ghana Card dinsa. Kayi bincike a DVLA, sannan akwai rajistar jingina a karkashin Bank of Ghana inda ake duba ko an ci bashi da motar, domin mutum na iya jinginar da ita a banki ko wajen masu bada rance ya juyo ya saida maka.

Na hudu, makanikenka, ba nasu ba

Sai takardu sun tsaya daidai sannan ka dauko masta, wato makanike. Naka wanda ka sani, ka biya shi kudin ranarsa da kyau tun kafin ku tashi kuma ka gaya masa ko an saya ko ba'a saya ba kudinsa na nan, saboda in ya san sai anyi ciniki zai samu wani abu, ko kuma mai gareji ya ja shi gefe, to ba kai yake wa aiki ba. In da hali ku tafi da mai lantarkin mota da na'urar da ake jonawa a karanta kwamfuta.

Kuje da safe, ka ce kar a tada motar kafin ku iso. Taba bonet kaji, in da dumi an riga an tada ta don boye wahalar tashi ko kara. Murda makulli ba tare da ka tada inji ba, duk fitilun dashbod su kama, na inji, na ABS, na eyabag, sannan in inji ya tashi su mutu. Wadda bata kama ba tun farko an cire kwan ne ko an rufe ta. Eyabag din nan ku dauke shi da gaske, motoci da yawa da sukayi hadari ana dinke murfin ne kawai a mayar ba komai a ciki, kuma iyalinka zaka dauka a hanyar Accra ko ta Techiman.

Bude murfin bakin mai, in kaga abu kamar madara a jiki ruwa na haduwa da mai, gasket ya tafi ko ma abin ya fi haka. Bude wajen ruwa tun inji na sanyi ka duba ko akwai mai a ciki ko tsatsa. Wani ya taka totur kai ka tsaya a baya, hayaki shudi inji na shan mai, fari mai kauri da baya daukewa ruwa ne, baki kuma mai ne baya konewa daidai. A sunkuya a duba tukunyar nan ta jikin salansa mai tace hayaki, ana yanke ta a saida saboda tana da tsada a mayar da bututu kawai, in babu ita a rage maka kudi.

Daga kafet din kasa ka shinshina, duba karfen karkashin kujeru da cikin ramin safaya taya, jawo bel din kujera har karshe. Laka busasshiya, tsatsa ko warin danshi na nufin ruwa ya taba cin motar, ko can waje ko a nan, mun san yadda Kaneshie da Circle suke in anyi ruwa a Accra, mu ma nan Aboabo mun san halin rafinmu. Motar da ruwa ya ci bana ba kowa shawarar saye ko nawa aka rage, wayoyinta a hankali suke rubewa, yau gilashi gobe giya jibi ta mutu a tsakiyar titi. Ta Kanada kuma a daga ta a duba kasa saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin kankara yana cin karfe.

Kananan motocin Japan irin su Vitz da yawansu da sitiyari a dama aka kera su, aka juya shi zuwa hagu kafin su shigo tunda mu a dama muke tuki tun 1974. Wani juyin anyi shi da kyau wani kuwa walda ce kawai, masta ya duba inda aka hada sandar sitiyari, da fedar birki, da wayoyin bayan dashbod.

Sannan a hau. Ba zagaye gareji ba, ku dau akalla rabin awa, ku hau tudu da AC a kunne, ku shiga hanya mai rami kuji karar kafa, ku samu mikakken titi a taka ta a saki sitiyari kadan a gani ko tana ja gefe, sannan ku shiga tirafik din Suame randabawul ko Anloga Junction ku tsaya cikinsa kuna kallon allurar zafi. Giya otomatik ta rika shiga ba duka ba jinkiri, daga P zuwa D ko R in tana bugawa da karfi akwai magana. Tayoyi kuma akwai lamba hudu a gefe, biyun farko sati biyun karshe shekara, 2318 na nufin sati na 23 a 2018, tsohuwar taya ko zanenta na nan zafin titinmu na iya fasa ta.

Na biyar, ciniki da biya

Duk abin da masta ya gano a rubuta da kudin gyaransa, da wannan takardar zakayi ciniki ba da baki kawai ba. Ka tambaya tun farko dillalai nawa ne a tsakani kuma wa zai biya la'ada, domin wani lokaci mutum uku ne kowa ya dora nasa kafin farashi ya iso kunnenka. In a Jiji ko Facebook ka ga motar, kar ka tura ko sisi ta MoMo da sunan "a rike maka" ko kudin mai da za'a kawo ta, kuma kar kaje ganin mota kai kadai da kudi a jaka a wurin da baka sani ba.

Biya ta banki, daga asusunka zuwa asusun da ke dauke da sunan mai motar, ba na kaninsa ko yaronsa ba. A rubuta takardar ciniki da sunaye, lambar Ghana Card ta kowa, lambar casis, lambar mota, farashi da lamba da kuma kalmomi, shaidu biyu su sa hannu. Ni dai shawarata ka rike wani kaso na kudin sai ranar da aka gama canjin suna, mai gaskiya bazai ki ba. Karbi makulli biyu, in daya ne a rage kudin yanka wani.

Na shida, DVLA da inshora

Kuje tare da mai motar da motar kanta, kowa da Ghana Card. Tsofaffin rajista suna da Form A da Form C, DVLA kuma na ta mayar da aikinta kan kwamfuta, saboda haka shiga ciki ka tambayi ma'aikaci a kan tebur abin da ake bukata yanzu, ka biya a inda ake bada rasit. 'Yan goro, wato dillalan da ba ma'aikata ba, zasu tare ka tun daga bakin get suce zasu gama maka cikin awa daya, ta hannun irinsu ne takardun bogi suke fitowa. In hom yus ce kar ka dade kana yawo da lambar wucin gadi ta DV ko DP, ba'a yi su don hawan yau da kullum ba, yi rajista ka huta da 'yan sanda.

Inshora ta dole ita ce tad fati, wato wadda zata biya wanda ka buge, bata gyara taka motar. Komfrihensif ta fi tsada amma in motar ce jarinka ko bashi ne a kanta ita ta dace. Bayan ka biya danna *920*57# ka saka lambar motar, zai nuna maka ko inshorar ta shiga rajistar hukumar inshora ta NIC, in bata fito ba sitika kawai aka saida maka. Rodwodi na motar gida shekara shekara ne, na haya duk wata 6. In haya zakayi da ita ka fadi gaskiya wajen inshora, in ka yanki ta gida kana daukar fasinja ranar hadari zasu iya kin biya.

In kudin basu kai ba

Banki na bada bashin mota, yawanci ga mai albashi ko mai kasuwancin da kudinsa ke bi ta asusu, zaka kawo wani kaso su cika sauran, su sa ka yanki komfrihensif, kuma motar bata zama taka kai kadai ba sai ka gama biya. Ruwan bashi a kasar nan ba wasa bane, a 2023 ma'aunin Bank of Ghana kansa ya kai kashi 30 cikin 100, na bankuna kuma sama da haka yake zama. Kar ka tsaya a "nawa zan rika biya a wata", tambayi jimlar abin da zaka biya daga farko har karshe da duk kudin fom da na sarrafawa, ko ruwan na iya canzawa a tsakiya, da abin da zai faru in kaso biya da wuri. In gareji ne zasu baka biya kadan kadan, kar ka yarda a daure bashin da dala, a 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13 cikin shekara daya, wanda bashinsa ke dala ya ninka yana zaune.

Da yawanmu kuma bama son shiga riba, kuma da gaskiyarmu. Hanyar da aka saba ita ce wani mai hali ya sayi motar ta zama tasa, sannan ya saida maka da farashi daya sananne wanda ya dora ribarsa a kai, kana biya kashi kashi, kuma kudin baya karuwa don ka makara. Kafin ku kulla ku kai wa malamin da ya san fikihun ciniki ya duba sharuddan.

Sai wok an pe, wanda shine yawancin samarinmu ke shiga. Mai mota ya baka, kana kawo sels, wato kudin da aka yanka maka, duk sati har adadin da aka yanka ya cika, sannan mota ta zama taka. Tsarin ya taimaki mutane da yawa sun mallaki mota, kuma ya raba zumunci da yawa, dalili daya ne, ba'a rubutawa. Ana cewa ai dan uwana ne, ai Alhaji ne uban gidana. Ayar da tafi kowace tsawo a Alkur'ani, ta 282 a Bakara, akan rubuta bashi ta sauka, saboda haka ba rashin kunya bane kace Alhaji don Allah mu rubuta.

Fara da lissafi. A misali, motar da kudinta a kasuwa sidi 90,000 ne, akace ka kawo 1,200 duk sati har sati 130, jimla 156,000 kenan cikin shekara biyu da rabi. Yanzu tambayi direbobin da ke wannan aikin nawa suke samu a sati bayan mai da kason da Bolt ko Uber ke cirewa, cire sels, cire sabis, kaga ko abin da ya rage zai ciyar da gida. In sai kayi awa 16 kullum a kan sitiyari sannan lissafin zai fita, kar ka karba, jikinka ko motar daya zai fadi kafin wa'adi.

Abubuwan da dole su shiga takarda, jimlar kudi da yawan satuttuka da ranar biya. Wa zai yanki inshora, rodwodi, harajin GRA da sitikar asambili, wato karamar hukuma. Wa zai gyara kananan abubuwa, wa zai dauki inji ko giyabos in sun mutu, musamman a watannin farko tunda ba kai ka lalata su ba. In mota ta kwana a wajen gyara ko kayi rashin lafiya ko akayi rasuwa, sels na tsayawa ne a kara satin a karshe ko kuwa bashi ne a kanka. Sati nawa zaka makara kafin a karbe mota. Sannan babbar tambaya wadda ita ke kawo rigima, in an karbe bayan ka biya wata 18, me zaka samu? In takarda tayi shiru a nan, mai mota zai ce duk abin da ka biya kudin haya ne, ka tashi a tutar babu. A rubuta kason da za'a mayar maka, ko a baka damar kawo wani direba ya karasa. A rubuta kuma abin da zai faru in dayanku ya rasu, magadan direba su iya karasawa, magadan mai mota su san akwai alkawari. Da ranar da za'ayi canjin suna da wanda zai biya kudinsa.

Ku sa hannu gaban lauya ko kwamishinan rantsuwa, da shaidu daga bangaren kowa, kowa ya rike kwafi. Kafin ka karbi makulli ka ga takardun motar na asali, kayi duk binciken da na fada a sama kamar kai zaka saya yau, domin kai din ne zaka saya. Sels kuma ta MoMo ko banki zuwa lamba daya, in hannu da hannu ne a samu littafi a rika sa hannu duk sati. Kuma ka bambance wok an pe da sels zalla, a na biyun haya kake, ko shekara biyar kayi motar ta mai ita ce.

Kai kuma Alhaji ko Hajiya mai bada mota, saka tiraka, na'urar da ke nuna inda mota take, ka gaya wa direba ka saka, nemi garanto biyu da kasan gidajensu, duba lasisinsa a DVLA, ka sa ranar da za'a rika kawo motar kana gani duk wata, sabis kuma a wajen makanike daya da kuka yarda dashi. Kar ka yanka sels din da kai kanka kasan bazai fitu ba, direban da aka matse shine yake tsallake canjin mai yana gudu da mota don ya cika kudi.

Satin farko bayan ka karba

Ko me mai motar ya rantse maka cewa jiya akayi sabis, ka sake. Bakin mai da filta, filtar iska, fulogi in sun gaji, a duba birki gaba da baya. Man giya a saka wanda kamfanin ya rubuta, musamman in giyar CVT ce, domin man otomatik na gama gari yana kashe ta kuma gyaranta kusan sayen wata ne. A zuba kulant a lagireto ba ruwan famfo ba, kuma in masta yace bari a cire tamostat a hada fanka kai tsaye saboda zafin Ghana, kace a'a, a nemo abin da ke sa ta zafi a gyara. In injin mai bel ne ba sarka ba kuma ba wanda ya san yaushe aka canza shi, canza. A yi alaimen da balansin, a sayi abin kashe gobara da tirayangul da akwatin taimakon farko tunda 'yan sanda na tambaya. Takardun asali su zauna a gida, kwafi a mota tare da hotunansu a wayarka, sannan ka rubuta kilomitar da mita ke nunawa a ranar domin daga nan zaka fara kirga sabis na gaba.